Rijiyar Heluma

Gwangwanin ya bugi ƙasan rijiyar ya yi wani kwaram, irin ƙarar da ko yaro ya ji ya san babu ruwa a wurin. Heluma ya ji sarai, amma ya ƙara sakin igiya, ya girgiza, ya jawo kaɗan, ya sake saki, kamar ruwan zai ji kunyarsa ya fito. Da ya jawo gwangwanin sama sai busasshen ganye da wata matacciyar ƙadangaruwa da ta bushe ta zama takarda.

"Baba, babu ne?" in ji Auta.

Tana zaune a kan ƙarfen layin dogo, ta cire takalmi ɗaya tana duba ƙafarta. Ita ce ƙarshen 'ya'yansa, shekararta ashirin da shida, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani babban asibiti inda sanyin na'ura ke busa ta daga safe har yamma. Tafiyar ƙasa mafi tsawo da ta taɓa yi kafin wannan mako ita ce daga bakin titi zuwa ƙofar ofis.

"Igiyar ce ba ta kai ba," in ji Heluma.

Bai dube ta ba. Ya leƙa cikin rijiyar, yana ganin ƙasanta ya tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Shi da leburorinsa goma sha ɗaya suka haƙa ta da hannunsu, shekarar da aka haifi yayan Auta. Ga sunansa na aiki, Heluma, wato shugaban leburori, nan har yanzu a jikin simintin bakinta, inda ya rubuta da ƙusa tun simintin yana ɗanye. Shekara talatin da ɗaya yana shugabancin masu gyaran wannan yanki na layi, kilomita sittin, ya san kowane noti da kowane katako. Ko a shekarar da aka yi fari har shanu suka riƙa faɗuwa, rijiyar nan ba ta ƙafe ba. Abin da ya yi ta faɗa wa mutanen gidansa ke nan.

Jirgi ya daina bin layin shekara shida da suka wuce, shi kuma ya yi ritaya kafin nan. Da ya ji ana cewa za a tuge layin gaba ɗaya, sai ya ce lallai zai sake taka yankinsa da ƙafa sau ɗaya kafin ya mutu, kwana uku, kilomita ashirin a rana. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Manyan 'ya'yan suka yi ta bugo waya suna tuna masa da hawan jini. Ya ce shi ba jariri ba ne. A ƙarshe Auta ta ɗauki hutu ta ce za ta bi shi, wai tana so ta ga wuraren da ta girma tana jin labarinsu. Ya san raino aka turo ta yi, kuma abin ya tsaya masa a wuya tun daga gida.

"Ba komai, Baba," ta ce tana mayar da takalminta. "Ai shi ya sa na ɗauko manyan gororin ruwan nan biyu."

Ta jawo jakarta ta zuge. Ta fito da tawul, ta fito da akwatin magani, ta fito da rigar sanyi, ta zura hannu har ƙasa. Heluma ya juya baya yana naɗe igiya, yana yi a hankali kamar naɗin igiya wani babban aiki ne.

Da asuba, a ɗakin da suka kwana a tsohuwar tashar da ke baya, ya ga inda igiyoyin jakar suka goge mata kafaɗa har fata ta yi ja. Da ta zagaya wanka sai ya zare gororin biyu, lita ɗaya da rabi kowace, ya tura su ƙarƙashin gado. Ya ce a ransa tausayinta ya ji. Amma ko a lokacin ya san akwai wani abu kuma. Yana so su iso nan da ƙishirwa, ya jawo mata ruwa mai sanyi daga rijiyarsa, ta sha ta yi ajiyar zuciya, ta koma gida ta ba su labari. Tun daren jiya da ta ce a sayi ƙarin ruwa ya ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ya ji ta daina lalube a bayansa. Ya juyo ya ga tana kallon jakarsa da ke jingine da bakin rijiya, 'yar ƙaramar jaka a shafe kamar cikin mai azumi. Sannan ta sunkuyar da kai.

"Na manta da su a ɗaki, Baba," ta ce. "Ka yi haƙuri. Sakacina ne."

Bakinsa ya buɗe. Maganar tana nan a kan harshensa, kalma huɗu ko biyar kawai. Sai ya ji kansa yana cewa, "To, ai an riga an yi. Tashi mu tafi, rana tana yi."

Abin da ya rage musu rabin ƙaramar gora ne. Komawa baya kilomita tara, ci gaba zuwa mararrabar da layi ya ratsa babban titi kilomita goma sha ɗaya. Waya babu sabis tun safe. Heluma ya ce gaba za a yi, don a mararraba akwai shaguna da ƙaramin asibiti da motoci. Wannan kaɗai ce maganar hankali da ya yi a ranar.

Wanda bai taɓa tafiya a kan layin dogo ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Katakan ba su yi nisan taku ɗaya ba, ba su kuma yi kusan da za a tsallake ɗaya a taka na gaba ba, sai mutum ya yi ta ɗingishi kamar akuyar da aka ɗaure wa ƙafa. Tsakuwar tana ɗaukar zafi ta mayar wa mutum a fuska. Ƙarfen kuwa ko taɓa shi ba a yi. Heluma ƙafarsa ta san rawar tun yana saurayi, amma yau yana jin harshensa ya yi kauri, yawu ya zama kamar danƙo. Bayan kowace kilomita Auta takan miƙa masa gorar.

"Kurɓi, Baba. Kai ne mai shan magani."

"Ke fa?"

"Na sha ɗazu."

Ya ga ta kai gorar baki sau biyu, amma bai ga ruwan ya ragu ba sai in shi ya sha. Ya gani, ya kau da kai, ya kuma karɓa ya sha. Suka tsallake wata 'yar gada a kan busasshen rafi, yashi fari fat a ƙasa. Ya so ya ce mata shi ya sa ido aka zuba ginshiƙanta, amma bakin ba daɗin magana.

Can gaba kaɗan suka fara jin bugun ƙarfe. Kau, kau, kau. Heluma ya tsaya cak. Ya san wannan sautin ko cikin barci: guduma ce a kan noti.

Da suka sha kwana sai ga mutum uku a kan layi. Wani dogo, ƙato, ya tuɓe riga ya ɗaura a ka, yana danna wata doguwar sifana da dukkan ƙarfinsa. Wani siriri mai furfura a gemu yana dukan notin da guduma don ya saki. Wata mace mai jan ɗankwali, mai kimanin shekara arba'in, tana kwasar abin da suka kwance tana zubawa a buhu. A kan layin akwai wata kura da suka haɗa da kansu, faifan katako a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, an lafta mata buhuna. A inuwar kurar kuwa ga wata jarka an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, tana ɗiga.

Idon Auta a kan jarkar yake. Idon Heluma a kan layin yake. Tsawon taku hamsin babu noti ko ɗaya, babu farantin da ke riƙe ƙarfe da katako, sai ramuka a jere kamar bakin da aka zubar wa haƙora.

"Kai! Me kuke yi a nan?"

Muryar ta fito da ƙarfin da bai san yana da sauransa ba. Dogon ya miƙe da sifanar a hannu. Mai gemun ya ajiye guduma.

"Sannu da hanya, Baba," ya ce.

"Riƙe sannunka. Kun san ko nawa aka yi gumi kafin a ɗaura notin nan? Ɓarayin banza, marasa kunya! Da rana tsaka! Da a ce da ne, da yau a bayan kanta za ku kwana."

"Baba," Auta ta ja hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya. "Suna da ruwa. Mu roƙa."

"Allah ya kiyaye in sha ruwan ɓarawo."

Bai yi ƙasa da tasa muryar ba. Matar ta ji, don har ta sunkuya wajen jarkar, sai ta miƙe a hankali ta goge hannu a zani. Dogon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Suka matsa gefe suka ba su hanya, Heluma ya wuce ta tsakiyarsu ƙirji a gaba, yana dogara sandarsa da ƙarfi, Auta tana biye kanta a ƙasa. Ya ji ta ce musu a hankali, "Ku yi haƙuri." Wannan ma ya ba shi haushi.

Ba su yi kilomita biyu ba ya lura ya daina jin takunta. Ya waiwaya. Tana tsaye a tsakiyar layi tana kallonsa kamar ba ta san shi ba. Fuskarta a bushe, ko ɗigon gumi babu.

"Baba, kaina," ta ce, sai ƙafafunta suka naɗe.

Ya riga ya san abin. Ya taɓa ganin rana ta kayar da lebura, ya kuma taɓa raka gawar ɗaya gida. Ya ja ta zuwa gindin wata 'yar ƙaya mai inuwa kamar tafin hannu, ya sa jakarsa a ƙarƙashin ƙafafunta, ya taɓa wuyanta ya ji kamar murfin tukunya. Ya zazzage gorar a leɓenta, ɗigo uku suka fito. Ya kira sunanta, ya kira na uwarta, ya yi mata fifita da hula. Idonta a rabin buɗe, tana wata magana da ba ta da kai.

Ya dubi gaba: layi ya miƙe babu kowa, sai zafi yana rawa a kansa. Ya dubi baya. Can nesa, kau, kau, kau.

Heluma ya yar da sanda ya kama gudu. Tsoho mai shekara sittin da takwas yana gudu a kan katakan layi, yana tuntuɓe, ya faɗi sau ɗaya tsakuwa ta yage masa gwiwa, ya tashi. A hanya ya yi ta shirya abin da zai ce, amma da ya iso gabansu komai ya gudu. Ya tsaya yana haki, baki a buɗe, hannu yana nuna baya. Ya durƙusa a kan wurin da ya tsaya ɗazu yana zagi.

"'Yata," ya ce. "Don Allah."

Matar ba ta jira sauran ba. Ta sunkuci jarkar ta ɗora a kan kura. "Ku sauke kayan nan," ta ce wa mazan.

"Duka?" in ji dogon.

"A'a, bar su, mu ɗora yarinyar a kan noti. Sauke mana, kai kuma!"

Suka kama buhunan suna turowa ƙasa, aikin yini guda yana zubewa cikin ciyawa. Mai gemun ya cika wani kofin roba ya miƙa wa Heluma. Heluma ya dubi kofin, ya kasa ɗaga hannu.

"Sha, Baba," in ji mutumin. "Ruwan dai ba na sata ba ne."

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Heluma ya karɓa ya sha, ruwan yana zuba a gemunsa, yana jin sanyinsa yana sauka har cikin hanji. Ya shanye, aka ƙara masa, ya shanye. Suka ɗaga shi suka zaunar a kan kurar kamar kaya, dogon ya sa kafaɗa ya tura.

Da suka isa, matar ta duƙa a kan Auta kamar tata. Ta kwance mata maɓallan wuya, ta cire nata ɗankwalin ta jiƙa ta shimfiɗa mata a goshi, ta zuba ruwa a wuya da hammata da tafin ƙafa. Ta sa mai gemun ya riƙe buhu a sama don inuwa, dogon yana fifita da rigarsa. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin gishiri da na sukari, ta barbaɗa a kofi ta juya da yatsa.

"Kada ki ba ta da yawa," in ji Heluma.

"Na sani, Baba. 'Ya'ya biyar na raina." Ta tallafi kan Auta. "Haɗiye, ƙanwata. Kaɗan-kaɗan. Yauwa. Ƙara."

Auta ta haɗiye, ta yi tari, ta buɗe ido. Ta dubi fuskar matar ta ce, "Ina Baba? Ya sha?"

Heluma ya koma bayan ƙayar ya tsaya yana kallon daji.

Jarkar ta kusa ƙarewa. Mai gemun ya ɗauke ta ya ce zai koma gada ya ciko kafin su kama hanya.

"Wace gada?" in ji Heluma. "Rafin nan a bushe yake. Yanzu muka tsallake shi."

"A sama ne ya bushe. Gindin ginshiƙi na biyu, in ka tona yashi kamu ɗaya, ruwa ne garai-garai. Duk masu kiwon yankin nan a nan suke sha. Tun da rijiyar can ta mutu."

"Yaushe ta mutu?"

"An yi shekara huɗu. Ai kowa ya sani."

Kowa ya sani. Heluma ya tuna yadda ya bi ta kan gadar ɗazu, 'yarsa tana jan ƙafa a bayansa, ruwa yana kwance a ƙarƙashinsu bai fi tsawon mutum biyu ba, shi kuwa yana tunanin yadda zai yi mata alfahari da ginshiƙai.

Da mai gemun ya dawo da ruwan, suka shimfiɗa buhunan wofi a kan kurar, suka kwantar da Auta, matar ta zauna ta ɗora kanta a cinya tana ci gaba da jiƙa ta. Mazan biyu suka kama turi. An ce Heluma ya hau, ya ƙi. Ya sa hannu a gefen katakon yana turawa tare da su, ko da yake ya san ƙarfinsa bai kai a lissafa ba.

Kilomita bakwai ba wasa ba ce. A wurare biyu layin ya buɗe, inda aka riga aka kwance shi tun tuni, ƙafar kurar ta zame ta faɗa tsakiya. A na farko suka ɗaga da ƙarfin tsiya. A na biyu Heluma ya ce su dakata. Ya karɓi doguwar sifanar ya soke ta ƙarƙashin ƙarfen, ya nuna wa dogon inda zai danna, ya sa mai gemun ya cusa dutse a gefe. Ƙarfen ya dawo wurinsa, kurar ta wuce sumul.

"Ashe Baba ɗan gida ne," in ji dogon.

"Ni ne heluman yankin nan. Shekara talatin da ɗaya."

Suka ci gaba da turi, ƙafafun kurar suna kuka.

"To ai dole ka yi faɗa," in ji mai gemun. "Ni ma in na ga ana rushe abin da na gina, sai inda ƙarfina ya ƙare." Ya share gumi da kafaɗa. "Ni a tasha nake dako, da. Ita wannan abinci take sayar wa fasinja. Wannan ƙaton ƙanen mijinta ne. Da jirgi ya tsaya, sai duk muka tsaya. Ba mu muka kashe layin ba, Baba. Gawarsa muka tarar."

"Wallahi wanda ya ɗaure notin nan mugu ne," in ji dogon. "Wani sai mun yi rabin awa a kansa. Kullum sai na tsine masa."

"Ga shi nan kusa da kai, sai ka faɗa masa a ido," in ji matar.

Dogon ya fashe da dariya, mai gemun ya taya shi, har Auta ta yi murmushi ido a rufe. Heluma ya so ya ce wani abu game da kalmar da ya jefe su da ita ɗazu. Ya fara, "Maganar da na yi..." sai matar ta katse shi.

"Tura dai, Baba. Rana ce. Rana tana sa mutum ya faɗi abin da ya fi haka."

Da la'asar suka hango rufin shagunan mararraba da motoci suna gilmawa. Saura kamar taku ɗari uku suka tsayar da kurar a bayan wasu bishiyoyi. Akwai ɗakin mai gadin layi a bakin titi, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Dogon ya goya Auta a baya, ya bi ta cikin gona ya fita titi can ƙasa da ɗakin, matar ta tsaya a tsakiyar hanya ta tare wata motar ɗaukar kaya. Direban ya dubi yarinyar sau ɗaya ya buɗe ƙofa.

Heluma ya riƙe hannun mai gemun. "Ku faɗa mini sunayenku. Ko inda zan same ku."

"Haba Baba," mutumin ya yi murmushi. "Mu da suna ai ba ma ga maciji. Allah ya ba ta lafiya."

Kafin motar ta tashi har sun shige gona. Jan ɗankwalin yana nan a goshin Auta, matar ta tafi da kai a buɗe.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Nas ɗin, wata gajeriya mai saurin hannu, ta ɗaura wa Auta ƙarin ruwa, ta auna zafinta, ta ce wanda ya jiƙa ta a hanya shi ya yi rabin aikin. Sannan ta juyo kan Heluma ta wanke masa gwiwa, tana yi tana faɗa.

"Ku iyaye ku riƙa yi wa yaran nan magana. Su ga abu a waya, su ce su ma sai sun yi tafiyar ƙasa. Ga shi ta jawo tsoho cikin rana, ko ruwan kirki ba ta ɗauka ba."

Heluma ya dubi auduga a gwiwarsa.

Yana zaune a baranda mai gadin layin ya iso da kakinsa da ya koɗe, direban ya ba shi labari. Ya tsaya ya ƙare wa tsohon kallo, sai ya cire hula.

"Ranka ya daɗe! Heluma ne? Ai ni a hannunka na fara aiki, kafin a mayar da ni gadi." Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi jaje, sannan ya fito da ɗan littafi. "An ce wasu ne suka turo ku a kura. Su muke nema wata da watanni. Ranka ya daɗe kai da idonka ba ya kuskure, yaya kamanninsu? Su nawa ne?"

Heluma yana iya zana su. Tabon da ke kafaɗar dogon, yatsan mai gemun da ya karkace, wushiryar matar. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa sa hannu a rahoton da ya san ba daidai ba ne, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san haka.

"Ido ya tafi, ɗana," ya ce. "Tsufa ya zo. Ga rana. Mutane dai na gani, suka ba mu ruwa."

Mai gadin ya ɗan dube shi, ya rufe littafin ya mayar aljihu. "Allah ya ƙara lafiya, ranka ya daɗe," ya ce, ya tafi.

Rana ta yi sanyi lokacin da nas ta ce yana iya shiga. Auta tana kwance, leda ta biyu tana ɗiga a hannunta, fuskarta ta dawo. Ya jawo kujerar roba ya zauna. Ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya gyara hular da ba ta karkace ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Gororin nan. Ba mantawa kika yi ba. Ni na cire su, kina wanka. Suna ƙarƙashin gado."

Ta dubi ɗigon ruwan.

"Na san ban manta ba, Baba," ta ce. "Lita uku ce fa. Wa za a rage wa lita uku a jaka bai ji ba? Tun da na saɓa ta da safe na ji." Ta juyo ta dube shi. "Na ɗauka cikin taka jakar ka mayar da su, don ka ga kafaɗata. Ban yi magana ba don kada in ba ka kunya. Duk safiyar nan ina tafe a bayanka ina jin daɗi, ina cewa ji Baba, ya ɗaukar mini kaya bai ko faɗa ba."

Heluma ya ji kamar an zare masa ƙashin baya. Da zaginsa ta yi da ya fi sauƙi.

"Da muka zo rijiya kuma?" ya ce, muryar ba tasa ba.

"Da na dubi jakarka na gane. To me zan ce? Ka riga ka ji da rijiyar."

Ya sa hannu biyu ya rufe fuska. Ta bar shi. A waje wata babbar mota ta wuce, tagogi suka girgiza. Can sai wayarta ta fara ruri a kan ɗan teburin gefen gado, sabis ya dawo. Ta leƙa.

"Mama ce. Kira na tara ke nan." Ta dube shi. "Zan ce mata zazzaɓi ne ya ɗan taɓa ni, mun fasa tafiyar. Ba sai an ja magana ba."

Ta miƙa hannun da babu allura za ta ɗauka. Heluma ya riga ta. Ya riƙe wayar nesa da fuska yana neman inda ake dannawa.

"Koren, Baba," ta ce.

Ya danna, ya kai kunne. Muryar matarsa ta cika ɗakin tun kafin ya yi sallama, tana tambayar ina suka shiga tun safe.

"Ni ne," ya ce. "Yarinyar tana nan, da sauƙi. Nemi wuri ki zauna, in faɗa miki abin da na yi."